Takardar otizim a hannun baligi: nawa take ci, me take kawowa a Nijar?

Bayan isha'i saƙon muryar ya shigo mini daga Faransa. 'Yar Gwaggona ce, wadda aure ya kai Liyon shekara shida ke nan. "Yaya, don Allah ka sa baki a kai shi Yamai a gwada shi. Abin nan da ke gare shi, a nan otizim suke ce masa. Maƙwabciyata tana da ɗa babba, haka yake sak, kuma gwamnati tana biyan shi duk wata. In aka samu takardar likita, ai ko bayan ran Inna yana da abin dogaro."

Wanta take nufi, ɗan farin Gwaggo, mai shekara 33, mazaunin Tawa. Gyaran salula yake yi a wata 'yar rumfa ta bakin kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san hannunsa. Wayar da wasu masu gyara uku suka ce ta mutu, shi zai zauna da ita tun hantsi har azahar, bai ɗaga kai ba, sai ta kama. Amma ba ya iya ciniki. In ka ce masa "rage mini", sai ya maimaita kuɗin da ya faɗa, ko kuma ya miƙa maka wayar kyauta don ka tafi. Ba ya zuwa fada shan shayi. Ranar biki, da zarar an kunna lasifika, zai toshe kunnuwa ya bar unguwar. Tuwon dare in ba a kwanon da ya saba aka zuba ba, da yunwa zai kwana. A gida ana ce masa miskili, a waje wasu na cewa iska ce ta shafe shi tun yana goye.

Mu taubasai ne, an san wasan da ke tsakani. Muna yara nakan ce masa shi bawana ne, ranar salla zan sayar da shi in sayi rago. Wata jajibirin salla, yana ɗan shekara tara, aka neme shi aka rasa. Sai da la'asar aka same shi a rakuɓe bayan rumbu, yana jiran salla ta wuce. Ya ɗauki maganar da gaske. An yi ta dariya a gida, ni ma na yi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Don haka da ƙanwarsa ta ambaci otizim, lalurar da ake haihuwar mutum da ita mai sa cuɗanya da mutane ta yi masa wuya, ban yi mata musu ba. Inda na tsaya shi ne ɗaya rabin maganar tata, wato cewa takardar za ta haifi kuɗin wata. Wannan lissafi yana yawo sosai yanzu a wayoyin mutane, kuma yana iya sa gida ya sayar da abin da bai kamata ya sayar ba.

Abin da ta faɗa game da Faransa gaskiya ne. Akwai alawus na manya masu naƙasa da ake kira AAH, wanda cikakkensa ya kai yuro 1,033 a wata a Afrilun 2025. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuɗin ya haura sefa 670,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 sefa 42,000 ne, ka ga ya ninka shi sau 16. Duk wanda ya ji haka dole kunnensa ya motsa. Sai dai alawus ɗin na mazauna Faransa ne, kuma ko a can sunan lalurar kaɗai ba ya sa a biya. Wata hukuma ce a kowace jiha take duba dosiye ta auna yawan naƙasar: ko ta kai kashi 80 cikin ɗari, ko tana tsakanin 50 da 79 tare da hujjar cewa ta tare wa mutum hanyar samun aiki ƙwarai kuma na dogon lokaci. Mai otizim da ke riƙe da sana'arsa yana iya fitowa daga can hannu rabbana.

A Amurka ma haka zancen yake, har ya fi tsauri. Tallafin da suke kira SSI bai wuce dalar Amurka 967 a wata ba a 2025, kuma sai wanda dukiyarsa ba ta haura dalar Amurka 2,000 ba. Dole ka nuna lalurar ta hana ka aikin da zai ciyar da kai na aƙalla wata goma sha biyu, kuma mafi yawan masu nema ana mayar da su a karon farko. Gwajin baligi a wurin likita mai zaman kansa yana iya cin dubban daloli. A Ingila gwajin kyauta ne a asibitin gwamnati, amma a ƙarshen 2024 mutum sama da 200,000 ne ke kan layin jira. Muhawarar da ake gani a intanet, ta "in biya kuɗin gwaji ko kada in biya", daga waɗannan ƙasashe ta taso, inda akwai tukunya a kan wuta kuma rigimar ita ce wa za a zuba wa. Mu nan sai mun fara leƙawa mu ga ko an ɗora tukunyar.

A takarda, Nijar ba ta yi sakaci ba. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Tun kafin nan akwai dokar 93-012 ta watan Maris 1993, wadda ta ce duk ma'aikata, ta gwamnati ko mai zaman kanta, da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta ware kashi 5 cikin ɗari na gurabenta ga masu naƙasa. Wani ƙudurin gwamnati na 1996 ya yafe musu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. A Disamban 2019 aka zo da doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Duk waɗannan ribar gwagwarmaya ce, ta ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu da suka haɗu a tarayyarsu ta ƙasa, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma a cikinsu babu albashin wata-wata da ake biyan kowane baligi don kawai likita ya rubuta yana da naƙasa.

Fanshon naƙasa da ake da shi na CNSS ne, asusun ma'aikata, kuma na wanda aka yi wa rajista ne ana zuba masa kuɗi, sannan lalura ta cinye aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin nemansa. An gina shi ne don ma'aikacin da ya fara aiki lafiya daga baya ciwo ya kayar da shi. Otizim kuwa da shi ake haihuwar mutum. Taubashina bai taɓa karɓar albashi ba balle a cire masa wani abu, kamar dai akasarin mutanen Adar, wato yankin Tawa, da ke rayuwa a kan gona da kasuwa da abin da 'yan ci-rani suka aiko daga Abijan ko Libiya. Tallafin kuɗi da aka riƙa raba wa gidaje a ƙarƙashin shirin rage talauci kuma talaucin gida ake dubawa, ba a tambayar takardar likita. Wanda ya kashe kuɗi a kan gwaji yana hangen albashi, kifi ya saya a ruwa.

Saura guraben aiki da rangwamen asibiti. Su ma akwai wani shinge a gabansu da doka ba ta ambata ba, shi ne ido. Al'adarmu ta san naƙasar da ake gani. Muna da sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, kowane da jama'arsa da matsayinsa a gari. Ƙidayar 2012 ta samu kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna da naƙasa, kuma in ka ce "naƙasasshe" abin da ke zuwa zuciyar mutum sanda ce ko keke. Na taɓa zuwa wani ofishi neman bayani a kan taubashin nawa, yana tsaye a bayana. Ma'aikacin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, wannan ai lafiyarsa lau. Ga ƙafa, ga hannu, ga ido. Ina naƙasar?" Ban ga mugunta a fuskarsa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. A nan kam takardar likita tana da aiki, domin ita ce bakin mai lalurar da ba a gani. Amma gurbin kashi 5 ɗin yana amfanar wanda ya yi karatu ne, mai digiri ko difloma da zai shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Ga wanda ya bar lakwal a aji huɗu saboda hayaniyar aji ta fi ƙarfinsa, wannan ƙofa ko an buɗe ta ba ta kai shi ko'ina.

To, shi gwajin mene ne, har yake da tsada? Mutane da yawa suna zaton jini ake ɗiba ko hoton kai ake ɗauka. Babu gwajin jini ko na'urar da ke nuna otizim. Zama ne da hira da lura, sau da yawa fiye da zama ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam yana neman abu biyu. Na farko wahalar cuɗanya: gane nufin mutane, karanta fuska, musayar zance, riƙe abota. Na biyu maimaita abu ɗaya da manne wa tsari ɗaya, da tsananin son wani fanni guda, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji. Sannan dole a tabbatar abin ya faro tun ƙuruciya, kuma yana takura rayuwa a yanzu. Wannan sharaɗi na ƙuruciya shi ne ya sa gwajin babba ya fi na yaro wuya. Yaro ana ganinsa yana wasa. Babba kuwa ya shekara talatin yana koyon ɓoye abin da ke sa a yi masa dariya, sai an tono.

Dalilin da ya sa manya da yawa ba a taɓa gane su ba yana cikin tarihin sunan. Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, a kan yara 11. Hans Asperger ya rubuta nasa a Biyana a 1944, a kan yara masu magana da kaifin ƙwaƙwalwa amma cuɗanya ta gagare su, kuma aikinsa bai bazu ba sai da Lorna Wing ta farfaɗo da shi a Ingila a 1981. Sai a 2013 littafin da likitocin Amurka ke bi ya haɗe su duka a suna ɗaya mai faɗi. Wato lokacin da taubashina ke ɓoye a bayan rumbu, ko a Turai ba kowane likita ne zai gane shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da otizim. Yaran nan suna girma, kuma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 25 suna nan cikinmu a gona da kasuwa da masallaci, da wasu sunaye. Kafafen labaran Hausa sukan ce "galahanga", amma a bakin mutane kalmar ta fi tafiya ga yaron da bai iya zama ko magana ba, shi ya sa uwar da ɗanta ke gyaran salula ba za ta taɓa jin ana maganarsa ba in an faɗe ta a rediyo.

Kuɗin ganin likita shi ne ƙarami a cikin lissafin, musamman tun da aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumban 2024. Abin da ke cin kuɗi hanya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, a jihohi galibi ma'aikatan jinya ne da suka ƙware a fannin suke riƙe da aikin. Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kilomita 550 ce ko kusa da haka, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a cikin kar. Ba mutum ɗaya zai zo ba, sai da wanda ya san ƙuruciyarsa. Ga abinci, ga taksi, ga rumfa a rufe mako guda, ga yiwuwar a ce ku dawo bayan wata ɗaya. Da muka zauna muka tara namu lissafin, ya haura albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, alhali suna da masauki a gidana. Shi kansa mai lalurar akwai abin da yake biya wanda ba a rubutawa: yini guda cikin mota cike da mutane da kiɗa, kwana a ɗakin da bai saba ba, cin abinci a kwanon da ba nasa ba.

In kuwa aka ce sai an je Tunis ko Kazablanka ko Dakar don a samu cikakken gwaji irin na Turai, zancen ya koma na miliyoyi, kuma ina ganin ga yawancin gidaje asara ce. Takardar da aka samo a can ba za ta ƙirƙiro alawus ɗin da babu shi a nan ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi kuɗi zurfi, wadda ban ga ana yawan faɗa ba. Ma'aunan da ƙwararru ke amfani da su, irin su ADOS da ADI-R, da Ingilishi aka tsara su, a kan yaran Amurka da Ingila, daga baya aka fassara su zuwa Faransanci da wasu harsuna. Ɗaya daga alamomin da suke dubawa ita ce ko mutum yana haɗa ido da mai yi masa magana. A Tawa, saurayin da ya tsura wa babba ido shi ne marar tarbiyya. Sunkuyar da kai ladabi ne, ƙarancin magana a gaban manya kunya ce, budurwar da ba ta sakewa da baƙi yabonta ake yi. Likitan da bai san wannan ba zai ga otizim inda babu shi. Wanda ya san shi kuma yana iya kuskure ta ɗaya ɓangaren, ya ɗauki alamar gaske a matsayin kunya. Ga wannan ne nake ganin mata suka fi cutuwa. Ko a ƙasashen da ake gwaji sosai an fi gano maza, ninki uku zuwa huɗu, kuma masana sun yarda cewa mata da yawa suna wucewa ba a gane su ba. A wurinmu yarinya mai shiru ana cewa ta yi hankali, sai an kai ta gidan miji, cikin kishiyoyi da dangin miji da hayaniyar gida, sannan abin ya fashe, a ce ba ta iya zama da mutane ba. Wata aure uku za ta yi ta fito ba wanda ya tambayi dalili.

Ranar da muka shiga wurin likita na ga wani abin da ban taɓa tunani ba. Ya juya ga Gwaggo ya ce, "Hajiya, yana da shekara nawa ya fara magana? Yana nuna miki abu da yatsa? In kin kira sunansa yana waigowa?" Gwaggo ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ranar "yaron nan" take cewa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma da aka yaye shi kakarmu ce ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Wadda ta san amsar tambayoyin nan ta rasu shekara takwas da suka wuce. Sai da likitan, wanda Bahaushe ne ya kuma gane abin da ke faruwa, ya sallame mu waje ya bar ta da wata ma'aikaciyar jinya, sannan ta buɗe baki. Ashe tana lura da komai daga nesa. Ta tuna bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, ta tuna yadda yake jera marafan kwalba a gindin bango, in wani ya taɓa ɗaya ya yi ta kuka har ya shiɗe. Duk mai niyyar wannan gwaji ya sani shaidunsa tsofaffi ne, kuma kowace shekara aka jinkirta ana iya rasa ɗaya.

Sai tsadar suna. A Yamai, in aka ce an ga wane a Pabiyon E, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, an gama magana, ba mai tambayar me ya kai shi. Otizim ba hauka ba ne, amma ƙofar da ake shiga a gwada shi ita ce ƙofar da ake kai mai taɓin hankali, kuma unguwa ba ta rarrabewa. Ga wanda ke neman aure, ko yake da ƙanne mata da ba su yi aure ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da masu bincike kafin aure suna tambayar ko akwai abin a dangi. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce binciken da aka yi a kan tagwaye da iyalai ya nuna gado yana da babban hannu a otizim. Ban ce a ɓoye wa wanda za a aura ba, wannan zalunci ne. Amma takardar sirrin mai ita ce, shi ya kamata ya zaɓi wanda zai nuna wa, kuma tun farko sai an tambaye shi ko yana son a gwada shi. Baligi ne. Mu sai da muka yi mako biyu muna yi masa bayani, a rubuce, domin ya fi gane abin da ya karanta a kan abin da aka faɗa masa, kafin ya ce to.

Duk da wannan, ban ce kada a je ba. Ribar tana nan, sai dai ba a inda ƙanwarsa ta hango ta take ba.

Gwaggo ta shekara kusan talatin tana kashe kuɗi a kan yaron nan. Rubutu, hayaƙi, turare, baƙin bunsuru, tafiya wurin wani malami a ƙetaren iyaka, ruƙiyyar da aka danne shi mutum huɗu yana ihu, ana cewa aljanin ne ke magana alhali taɓin da ƙarar ne suka fi ƙarfinsa. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, kuma har gobe muna yi masa. Amma masu cin kasuwa da tashin hankalin uwa suna da yawa, kuma in aka tara abin da suka karɓa a hannunta ya gina ɗaki biyu. Ranar da aka ce mata ba sammu ba ne, ba laifinta ba ne, ba kuma abin da za a cire ba ne, halitta ce, ranar wannan ɓarnar ta tsaya. Ban san wani alawus da zai kai wannan a gidan ba.

Riba ta biyu ta fi wannan nauyi. Kalmar otizim kanta wani likitan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya ƙirƙiro ta a 1911 don bayyana wata alama ta ciwon sikizofireniya, kuma an daɗe ana rikita biyun. Baligin da ba ya haɗa ido, yake magana shi kaɗai, yake fashewa da ihu in abu ya yi masa yawa, yana da sauƙin a ɗora shi a kan magungunan taɓin hankali masu ƙarfi irin su haloferidol, ya shekara yana sha, jiki ya sandare, hannu na rawa, barci ba iyaka. Mai gyaran salula in hannunsa ya fara rawa sana'arsa ta ƙare. Babu maganin da ke warkar da otizim. Amma abubuwan da suka saba rakiyarsa, farfaɗiya da fargaba da ciwon damuwa da rashin barci, suna da magani, kuma sanin asalin lamarin yana sa a ba da wanda ya dace. Duk wanda ya riga ya fara shan maganin ƙwaƙwalwa kuma ana zargin otizim ne, a ganina gwajin ya wajaba a kansa ko nawa zai ci, kuma kada ya daina shan maganin da kansa kafin likita ya ce.

Ɗalibin jami'a ko ma'aikacin ofis shi ma takardar tana iya yi masa rana: ya nemi a ba shi wurin aiki marar hayaniya, a riƙa ba shi umarni a rubuce, ko ya shiga gasar aiki a gurbin masu naƙasa. Irin wannan ya roƙi likita kada ya tsaya ga rubuta sunan lalurar, ya zayyana abin da take hana shi da abin da yake iyawa, domin wannan ne mai karanta dosiye zai iya aiki da shi. Amma magidancin da ke noman albasarsa, matarsa ta san halinsa, 'ya'yansa sun saba, ba ya shan wani magani, ba wanda ke jan shi wurin boka, ban ga abin da takarda za ta ƙara masa ba wanda ya kai wahalar samunta. In ya karanta bayanin otizim ya ga kansa a ciki, ya samu sauƙin zuciya, wannan ma ya isa.

Mu dai zuwa biyu muka yi. Takardar shafi ɗaya ce, tana cikin akwatin Gwaggo tare da takardun gona, kuma har yau ba ta kawo ko dala ba. Ƙanwarsa ta ji ba daɗi da na faɗa mata, ta yi shiru a waya, sannan ta ce, "To Yaya, kuɗin da na tara na kai shi Tunis fa?" Na ce ta tambaye shi. Ya rubuta mata amsa a saƙo, layi uku: yana son shago mai ƙofa da taga a cikin unguwa, nesa da masu lasifika, da fitila mai kyau, da wanda zai riƙa karɓar kuɗi.

An gina shagon a jikin katangar gidan bayan damina. Wani ɗan ƙanen Gwaggo mai shekara 16 ne ke zama a bakin taga, shi ke karɓar waya ya yi ciniki ya rubuta a littafi, yana kuma koyon gyaran. Da na je Tawa da ƙaramar salla na tarar an yi bikin suna a maƙwabta, kiɗa na tashi. Gwaggo da kanta ta aika aka ce wa masu bikin su juya lasifikar ta fuskanci gabas, ta zuba tuwo a kwanonsa ta ba yaron ya kai masa shago. Na leƙa ta taga na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, yana riƙe da wata waya da aka buɗe cikinta, ya ce in dawo bayan la'asar, yanzu yana aiki.